Wa Ɗalibi Zai Kai Wa Kuka? Waiwaye Kan Tarihin Ba Da Shawara a Jami'o'in Nijeriya

A shekarar 1960, shekarar da Nijeriya ta karɓi mulkin kanta, wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan ƙasar Kanada mai suna Raymond Prince ya wallafa maƙala a wata mujallar likitoci ta Ingila a kan wani ciwo da ya yi ta cin karo da shi a wurin 'yan makaranta. Prince ya yi aiki a asibitin Aro da ke Abeokuta a ƙarshen shekarun 1950, kuma a wannan zaman nasa ne samari masu karatu suka riƙa zuwar masa da kuka iri ɗaya. Wannan ya ce kansa yana zafi kamar an hura wuta a ciki, wancan ya ce wani abu yana yi masa yawo a ƙarƙashin fatar kai kamar tsutsa. Da zarar an buɗe littafi sai idanu su fara gani dishi-dishi. A karanta shafi sau uku, a kasa riƙe ko layi ɗaya. A kwanta barci, a tashi da gajiyar da ta fi ta jiya. In an auna jiki kuma ba a ganin komai. Ɗaliban suna da sunan da suke kiran abin da shi a Turancinsu, "brain fag", wato gajiyar ƙwaƙwalwa, kuma da wannan sunan ya shiga littattafan likitancin duniya.

Abin lura a nan shi ne damuwar ɗalibin Nijeriya sa'ar jami'ar Nijeriya ce. Tare aka haife su, kuma an gano ta da wuri, an rubuta ta, an yi muhawara a kanta. Abin da aka yi jinkirin tanada shi ne wanda zai zauna ya saurare ta. Da aka tashi gina ofishin sauraro kuwa, sai aka gina shi don amsa wata tambaya dabam da wadda ke cin ran ɗalibi.

Masana sun daɗe suna ja-in-ja a kan musabbabin wannan ciwo. Shi Prince ya ɗora alhakinsa a kan karon da ake yi tsakanin tarbiyyar gida, inda yaro ya saba koyo cikin jama'a ta hanyar ji da gani, da kuma karatun boko mai sa mutum ya kulle kansa shi kaɗai da littafi a cikin baƙon harshe. A 1980 Olufemi Morakinyo, likitan ƙwaƙwalwa a Ile-Ife, ya kawo bayanin da ya fi kusa da ƙasa: ɗalibi ɗan talakawa, wanda gida duka ya zuba wa ido, yana hana kansa barci da kofi da ƙwayoyi don ya cinye littafi kafin jarrabawa, har ƙwaƙwalwa ta ƙi karɓa, tsoron faɗuwa ya ƙaru, shi kuma ya ƙara ƙaimi wajen hana idonsa barci. A 1994 kundin cututtukan ƙwaƙwalwa na likitocin Amurka ya jera ciwon cikin waɗanda aka ce sun keɓanta da wasu al'adu. Daga baya masu bin diddigin tarihi suka nuna cewa Turawan Ingila da kansu sun yi amfani da wannan suna tun a ƙarni na 19 wajen bayyana gajiyar masu aikin tunani. Ashe ciwon ba na Afirka ba ne. A ganina, abin da ya fi dacewa a tsaya a kansa shi ne yadda yaran suka kawo kukansu. Babu wanda ya ce wa likita yana tsoron ya kunyata mahaifinsa, ko kewar gida ta hana shi sakat. Kowa kansa ya nuna, domin ciwon kai shi ne ƙorafin da ba ya zubar da mutunci.

Kafin a fahimci abin da ɗalibi ya rasa da ya shiga jami'a, sai an dubi abin da ya baro a gida. Bahaushe bai taɓa buɗe ofis don sauraren damuwa ba, amma ya raba aikin a kan dangi, kuma rabon yana da hikima. Tsakanin uba da ɗa akwai kunya, balle ɗan fari wanda ko sunansa iyaye ba sa kamawa. Don haka al'ada ta buɗe wasu ƙofofi ta gefe. Akwai kaka, wadda wasan da ke tsakaninta da jika ya ba ta damar jin abin da uwa ba za ta ji ba. Akwai gwaggo da kawu, masu iya shiga tsakani su faɗa wa maigida magana ba tare da an ce yaro ya yi rashin kunya ba. Akwai taubashi, akwai babban aboki, akwai ƙawa wadda amarya ke kai wa sirrin ɗakinta. Wanda ya bar gari neman ilimi kuwa, hannu da hannu ake miƙa shi ga malami a matsayin amana, ya ci a gidansa, ya kwana a zaurensa, malamin ya san ranar da fuskarsa ta canja. Labarin zuciya a tambayi fuska, in ji masu iya magana, amma sai wanda ya san fuskar tun tana sake zai iya karanta ta.

Wannan tsari yana da nasa duhun, kuma rashin adalci ne a ɓoye shi. A laccar da A. H. M. Kirk-Greene ya gabatar a kan mutumin kirki a idon Bahaushe, wadda aka buga a 1974, haƙuri da kunya suna cikin ginshiƙan da ya lissafa. Halaye ne masu kyau, sai dai su ne kuma ke haifar da zurfin ciki. Yaron da aka rena a kan cewa ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba zai iya haɗiye abin da zai kashe shi, a yaba masa da kawaici. Sannan al'adar da ta ƙware wajen lallashin mai baƙin ciki ba ta da tausayi sosai ga wanda abin ya kai shi ga taɓuwa. Shi wannan sunansa mahaukaci, makomarsa kuma sau da yawa gidan mari. Samamen da 'yan sanda suka kai a irin waɗannan gidaje a Rigasa ta Kaduna da Daura a 2019, inda aka fito da ɗaruruwan mutane wasu da sarƙa a ƙafa, ya nuna cewa wannan babi bai rufe ba.

Jami'ar farko ta zo da nata maye gurbin gida. Hukumar Asquith, wadda ta tsara wa Birtaniya yadda za a kafa manyan makarantu a ƙasashen da take mulka, ta ba da shawara a 1945 cewa ɗalibai su zauna a cikin makaranta. A kan haka Kwalejin Jami'a ta Ibadan ta buɗe a Janairun 1948 da ɗalibai 104, daga baya ta gina gidajen kwana irin su Mellanby da Tedder da Kuti da Sultan Bello, kowanne da malaman da aka ɗora wa kula da shi, da ɗakin cin abinci inda malami da ɗalibi ke haɗuwa. Jami'ar Ahmadu Bello, wadda ta fara a Oktoban 1962 da ɗaliban da ba su kai ɗari biyar ba, ita ma wannan sawun ta bi a Samaru. Manufar tsarin ita ce a ƙera manyan ma'aikata masu ɗabi'un Turawa, amma ya zo da wata fa'ida ta bayan fage: a wurin da mutane ba su da yawa, in ɗalibi ya kwana biyu bai fito cin abinci ba, wani zai lura. Iyakar fa'idar ke nan. Malamin gidan sau da yawa Bature ne, kuma da wuya yaron da ya taso a Katsina ko Azare ya zauna gaban Bature ya faɗa masa cewa an saki mahaifiyarsa, ko an ba wani yarinyar da yake so.

Mutumin da ya fi kowa kusantar warware wannan ƙulli shi ne Thomas Adeoye Lambo. Ɗan Abeokuta ne, ya yi karatun likita a Birmingham, ya ƙware a fannin ƙwaƙwalwa a asibitin Maudsley na Landan, ya dawo gida a 1954 aka ba shi ragamar Aro. Ginin asibitin bai kammala ba a lokacin, sai ya yi abin da ba a saba gani ba. Ya nemi yardar ƙauyukan da ke kewaye su ba marasa lafiya hayar ɗakuna, ya kuma kafa sharaɗi cewa kowane maras lafiya sai ya zo da ɗan'uwansa, uwa ko 'yar'uwa ko inna, wanda zai dafa masa abinci, ya wanke masa tufafi, ya raka shi asibiti da safe, su koma ƙauye da yamma. Ya jawo masu maganin gargajiya ya yi aiki tare da su, abin da ya ɗaure wa hukumomin mulkin mallaka kai. Hujjarsa ita ce mutumin da aka cire daga cikin jama'arsa aka kulle a bayan katanga an ƙara masa ciwo a kan ciwo, kuma ko ya warke zai rasa inda zai koma. Wannan tsari na ƙauyen Aro ya yi suna a duniya.

Lambo bai tsaya a Aro ba. A ƙarshen shekarun 1950 ya bi sawun ɗaliban Nijeriya da ke karatu a Birtaniya, saboda yawan waɗanda ake dawowa da su gida a rikice. Abin da ya tarar ba sabon ciwo ba ne: kaɗaici a ɗakin haya mai sanyi, kuɗin da ba ya isowa a kan kari, wariyar launin fata, da nauyin dangin da suka yi karo-karo suka tura mutum ɗaya ya ɗauko musu digiri. Daga baya ya zama farfesa a Ibadan, ya shugabanci jami'ar daga ƙarshen shekarun 1960 zuwa 1971, sannan ya wuce Hukumar Lafiya ta Duniya inda ya zama mataimakin babban darakta daga 1973 har 1988. Abin mamaki ne a ce ƙasar da likitan ƙwaƙwalwa irin wannan ya riƙe babbar jami'arta ba ta mayar da darasin Aro ya zama tsarin kula da ɗalibai ba. Zamanin shugabancinsa ya faɗo a kan yaƙin basasa da abin da ya biyo bayansa, kuma ilimin da ya tara ya zauna a sashen koyar da likitoci da asibitoci, inda ɗalibi ba ya isa sai abin ya riga ya ta'azzara.

Ofishin ba da shawara da muka sani a yau ta wata hanya dabam ya biyo, kuma asalinsa Amurka ne. A 1908 Frank Parsons ya buɗe ofis a birnin Boston don taimaka wa matasa su zaɓi sana'ar da ta dace da su. Can ma da tambayar aiki aka fara. Amma a 1910 Jami'ar Princeton ta fara tanadin likitan ƙwaƙwalwa don ɗalibanta, a 1942 kuma Carl Rogers ya fitar da littafin da ya juya akalar fannin, inda ya nuna cewa aikin mashawarci ya fi karkata ga sauraro ba tare da yanke hukunci ba, ba zuba nasiha ba. Bayan yaƙin duniya na biyu, dokar 1944 ta buɗe wa tsofaffin sojoji fiye da miliyan biyu ƙofar manyan makarantu, gwamnati ta ɗauki nauyin cibiyoyin shawara a harabar jami'o'i domin su. Mutumin da ya dawo daga fagen fama ba zaɓen kwas kaɗai ke damunsa ba, don haka cibiyoyin suka faɗaɗa, dole ta sa.

Nijeriya ta ɗauko rabin farko na wannan tarihi. A 1959 wasu mata masu hidimar cocin Katolika da ke koyarwa a Kwalejin St. Theresa ta Oke-Ado a Ibadan suka gayyato ma'aikata daga fannoni dabam-dabam su yi wa 'yan matan ajin ƙarshe bayanin ayyukan da ke jiransu a waje. Daga wannan zama aka sami majalisar ba da shawara kan sana'o'i ta Ibadan a farkon shekarun 1960, wadda ta zama ta ƙasa baki ɗaya a 1967. A 1976 aka kafa ƙungiyar mashawarta ta Nijeriya, Farfesa Olu Makinde ya zama shugabanta na farko. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta ambaci dalilai biyu na naɗa mashawarta, wato rashin sanin hanyoyin aiki da kuma matsalolin ɗabi'a a tsakanin yara, amma makarantun gaba da firamare ta dosa. Da tsarin 6-3-3-4 ya zo a 1982, babban aikin mashawarci ya zama tantance wa zai tafi kimiyya, wa zai tafi fasaha, wa zai koyi sana'a. Jami'o'i suka buɗe kwasa-kwasan fannin a tsangayoyin ilimi, suna yaye mashawarta don sakandare, alhali ɗaliban da ke zaune a azuzuwan jami'ar ba su da wanda aka ware musu na kirki.

Ba laifin waɗancan magabata ba ne. Ƙasar da ta fito daga mulkin mallaka tana neman injiniyoyi da likitoci da akawu, tambayar "me zan zama?" ita ce a bakin kowa. Amma tun ran gini ran zane. Fannin da aka haifa a teburin zaɓen sana'a ya girma da wannan kama, har yau kuma ɗalibai da yawa suna ɗaukar ofishin a matsayin inda ake zuwa in ana son canja kwas, ko inda ake tura wanda aka kama da laifi.

Ana cikin haka sai ɗan abin da ya rage na tsarin gidajen kwana ya rushe. A 1975 gwamnatin tarayya ta kafa sababbin jami'o'i da kwalejojin jami'a bakwai, ciki har da na Sakkwato da Maiduguri da Jos da Kano. Kuɗin mai ya ja baya, ɗalibai suka ci gaba da ninkuwa. A Afrilun 1978 ƙarin kwabo hamsin a kuɗin abincin yini ya haddasa boren da ake kira "Ali Must Go", aka harbe ɗalibai a Legas da Zariya. A tsakiyar shekarun 1980 aka janye tallafin ciyarwa, ɗakunan cin abinci suka mutu, tare da su kuma wurin da ake ganin fuskar kowa sau uku a yini. A Mayun 1986 aka sake zubar da jinin ɗalibai a Samaru, a shekarar da aka shigo da shirin tsuke bakin aljihu wanda ya kori malamai da dama zuwa ƙasashen waje. Ɗakin da aka gina don mutum biyu ya koma na takwas, wasu na raɓe a ƙasa, mafi yawa kuma suka watsu a unguwannin bayan katanga inda babu wanda ya san shigarsu balle fitarsu. Dangantakar hukuma da ɗalibi ta koma ta tsaro da zargi. Sashen harkokin ɗalibai, wanda a ƙarƙashinsa ofishin shawara yake a jami'o'i da yawa, shi ne kuma ke rabon gado, shi ke sa ido a kan ƙungiyoyi, ta hannunsa takardar ladabtarwa ke bi. Wannan haɗi kaɗai ya isa ya kori mai sirri. Yarinyar da wani malami ya matsa wa lamba, ko saurayin da ya fara shan abin da ya fi ƙarfinsa, zai yi tunani sau goma kafin ya taka matakalar ginin da ake korar mutane daga cikinsa.

Giɓin bai zauna fanko ba. Ƙungiyar Ɗalibai Musulmi, wadda aka kafa a Legas a 1954, da ƙungiyar ɗalibai Kiristoci ta FCS, wadda ta samo asali a Gindiri a 1957, da ƙungiyoyin 'yan gari ɗaya, su suka ɗauki aikin gwaggo da kawu. Su ke tarbar sabon ɗalibi, su nema masa wurin kwana, su yi karo-karo in kuɗin rajista ya gagara, su kai shi asibiti, su raka gawa gida. Duk wanda zai rubuta tarihin kula da ɗalibai a Arewa bai ba masallacin makaranta da majami'arta babi ba, ya bar rabin labarin. Sai dai amirin da ke aji uku ba likita ba ne. Inda aka fi samun tangarɗa shi ne a fassara kowace damuwa da raunin imani, kowace firgita da shafar aljanu, a ce wa mai ciwo ya ƙara haƙuri alhali haƙurin ne ya kawo shi nan. Abin takaicin shi ne ko a taskar ilimin Musulunci ba haka magabata suka tsaya ba. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 934 miladiyya, ya rarrabe a littafinsa Masalihul Abdani wal Anfus tsakanin baƙin cikin da aka san dalilinsa, kamar rashin masoyi ko dukiya, da wanda ke sauko wa mutum haka kawai ya hana shi walwala, ya ce na biyun yana da alaƙa da jiki kuma yana buƙatar magani. Ya kuma ƙarfafa cewa mai damuwa ya nemi wani mai hankali daga waje ya yi magana da shi, domin mutum ya fi karɓar magana daga bakin wani fiye da daga zuciyarsa. Masu cewa zuwa wurin mashawarci baƙuwar al'ada ce ta Turawa sun makara da shekara dubu.

Ƙarnin da muke ciki ya zo da raunukan da Prince bai taɓa gani ba. A ranar 29 ga Afrilu 2012 'yan bindiga suka far wa masu ibada a tsohuwar harabar Jami'ar Bayero, suka kashe mutane ciki har da furofesoshi biyu. A Oktoban shekarar aka yi wa ɗalibai kisan gilla a Mubi, a Satumbar 2013 aka bi na Kwalejin Aikin Gona ta Gujba har ɗakin kwanansu. A Janairun 2017 bam ya tashi a masallacin Jami'ar Maiduguri. A 2021 aka sace ɗaliban Kwalejin Gandun Daji ta Afaka da na Jami'ar Greenfield a Kaduna, a Satumbar 2023 kuma aka kwashi ɗalibai mata na Jami'ar Tarayya ta Gusau daga gidajen hayarsu. Bayan kowane ɗaya daga cikin waɗannan akan buɗe makaranta, a fitar da jadawalin jarrabawa, waɗanda suka tsira su zauna a aji da abin da suka gani. Mashawarcin da aka horar a kan gwajin basira da zaɓen darussa ba a ba shi makamin tunkarar wanda ke farkawa da ihu cikin dare ba.

Akwai kuma masu ci a hankali. Mu da muka yi karatu a shekarun nan mun zauna a gida wata tara a 2020, muka sake zaman wata takwas a 2022, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba. Lissafin watanni ba ya nuna abin da zaman ya ci: auren da aka fasa, shekarun neman aiki da suka wuce, ƙannen da suka shiga makarantar kuɗi suka riga yayyensu gamawa. Da yawa sun dawo ba yadda suka tafi ba. Rahoton da BBC ta fitar a 2018 a kan shan maganin tari mai kodin, wanda ya sa gwamnati ta haramta sarrafa shi cikin kwana ɗaya, da binciken ƙasa na shekarar wanda ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 masu ta'ammali da miyagun ƙwayoyi, sun tona abin da ɗalibai suka daɗe da sani. A bakin hukuma wannan matsalar tarbiyya ce. A ɗakin kwana kuwa, sau da yawa kwalbar ita ce mashawarcin da ba ya tona asiri.

Yau ma ɗalibin da damuwa ta danne ba ya cewa tana damunsa. Asibitin makaranta yake zuwa ya ce kansa na sarawa, ƙirjinsa na zafi, ba ya iya barci. A auna jini, a ba shi maganin zazzaɓin cizon sauro ko na taifod ko na gyambon ciki, ya dawo bayan mako biyu da kukan da ya zo da shi. Yaran Aro ne suka dawo da wasu tufafin. Wani ɓangare na matsalar harshe ne. Da Turanci aka koyi fannin, da shi ake cike fom, alhali mutum da harshen uwarsa yake kuka. Hausa ba ta rasa kalmomi ba: damuwa dabam, ƙunci dabam, fargaba da zullumi da ɗimuwa da baƙin ciki kowanne da muhallinsa. Amma da zarar an ce "lafiyar ƙwaƙwalwa" sai kunnen Bahaushe ya ji "hauka", ya tuna Dawanau ko Kware ko Barnawa, ya ja da baya. Likitocin ƙwaƙwalwar da ƙasar ke da su kuwa, ga mutane fiye da miliyan 200, ba su kai ɗari uku ba, don haka ko kowa ya yarda ya je, babu mai ganinsa.

Shi ya sa abin da ya faru a Zimbabwe ya cancanci a ambata. A 2006 likita Dixon Chibanda ya fara horar da tsofaffin mata a Harare su zauna a kan benci a harabar ƙananan asibitoci, su saurari masu damuwa da harshen Shona, su taimaka musu su warware matsala ɗaya bayan ɗaya, su miƙa wanda abinsa ya yi tsanani ga likita. Gwajin da aka wallafa a 2016 ya nuna tsarin yana aiki. Tunanin Lambo ne ya sake tsirowa a wata ƙasa bayan shekara hamsin: a ɗauki mutumin da al'umma ta riga ta amince da shi, a ƙara masa horo, a jingina shi da asibiti. A ra'ayina wannan ita ce hanyar da ta dace da jami'armu, inda masu sauraro suna nan tuni a masallaci da majami'a da ɗakunan kwana, horo da sanin iyaka kawai suka rasa. A nan gida ma, motsin da aka gani daga 2016 daga wajen hukuma ya taso, ta hannun matasan da suka ɗanɗani ciwon da kansu, irin su Victor Ugo wanda ya kafa ƙungiyar MANI, da Hauwa Ojeifo mai She Writes Woman.

Doka ita ce ta zo a ƙarshe. Tun daga dokar mahaukata ta 1916, wadda aka sabunta a 1958, abin da hukuma ta sani game da mai taɓin hankali shi ne yadda za a tsare shi. A 2022 aka sa hannu a dokar da ta kafa majalisar kula da aikin mashawarta, a Janairun 2023 kuma Shugaba Muhammadu Buhari ya rattaba hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958 bayan shekara 65, ta kuma amince cewa maras lafiya yana da haƙƙin a nemi yardarsa, a kuma rufa masa asiri. Wasu jami'o'in sun ɗaga ofishin shawara ya zama cibiya mai zaman kanta. Amma sabuwar dokar ba ta taɓa sashe na 231 na kundin Penal Code da jihohin Arewa suka gada ba, haka ma sashe na 327 na takwaransa na Kudu, waɗanda suka tanadi ɗaurin da ya kai shekara ɗaya ga wanda ya yi yunƙurin kashe kansa bai mutu ba. Jihar Legas ta sauya nata tun 2011, ta ba kotu damar tura irin wannan mutum asibiti. A inda ba a sauya ba, ɗalibin da abokan ɗakinsa suka ceto da tsakar dare mai laifi ne a idon doka, su kuma abokan sai sun yi shawara a tsakaninsu kafin gari ya waye ko za su faɗa wa wani.